Famfon sola a fadamar Argungu: abin da na gani cikin rani biyu

Ranar da na sauke farantan sola guda shida daga bayan a-kori-kura a bakin gonarmu, Baba bai ce mini sannu da hanya ba. Ya zagaya su sau ɗaya, ya ƙwanƙwasa gilashin ɗaya da yatsa, sannan ya dube ni ya ce, "Malam, mi kas sawo muna? Madubi?" A watan Disamban 2023 ke nan. Yau na yi noman rani biyu da famfon, kuma kusan duk Juma'a bayan an sauko masallaci sai wani ya ja ni gefe ya ce in gaya masa tsakani da Allah, ya saya ko kada ya saya. Shi ya sa na ga gara in rubuta gaba ɗaya, daɗin da wuyar.

Ni malamin firamare ne a ƙasar Argungu, noma kuwa gado ne. Gonarmu eka biyu ce a fadama, da rijiyar burtsatse ɗaya mara zurfi, irin wadda ake fasawa da ruwa cikin yini guda. Shinkafa muke yi, Faro 44, wadda a nan kowa ya fi sani da Sipi. Albashi shi ke riƙe gida wata-wata, amma shinkafar rani ita ce aure, ita ce suna, ita ce kuɗin makarantar ƙannena.

Wanda ba manomi ba ne ba zai gane abin da ranar 29 ga Mayu, 2023 ta yi wa fadama ba. Kafin Shugaba Tinubu ya ce an cire tallafin mai, lita ba ta kai naira 200 ba a gidan mai. Cikin 'yan kwanaki ta haura 500. Tun da Shugaba Buhari ya zo nan Kebbi a watan Nuwamban 2015 ya ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance, kowa ya afka fadama: malamai, 'yan kasuwa, direbobi, har waɗanda ba su taɓa riƙe lauje ba. Aka buɗe babban kamfanin casar shinkafa na WACOT a nan Argungu a 2017, ga Labana a Birnin Kebbi, shanshera ta sami masu saye. Amma duk wannan shinkafar a kan fetur take tsaye. Ƙaramin injina na inci uku yakan sha lita huɗu zuwa biyar kafin gonar ta ƙoshi, kuma idan zafi ya shigo, bayan kwana biyu sai ka sake. Daga dashe zuwa yanka wata uku ne da ɗoriya. Da na zauna da biro na buga lissafi, sai na ga ni da ɗan bumburutu za mu raba amfanin gonar, shi kuma ko laka ba zai taka ba.

Wasu maƙwabtana sun mayar da injinansu masu aiki da tukunyar gas, kuma dabara ce mai kyau. Ni dai na gaji da sayen abin ƙonawa ne gaba ɗaya. Na sayar da bijimi ɗaya da buhunan shanshera da na ajiye, na haɗa da kwasar adashin malamai, na nufi Birnin Kebbi. Ban jira rabon gwamnati ba, don lokacin dashe ba ya jiran kowa. Ba zan rubuta farashi a nan ba, domin kayan nan dala suke bi, abin da na biya a lokacin zai ruɗe mai saye yau.

Shagon da na shiga na wani Alhaji ne mai sayar da kayan wuta da na ban ruwa. Abin da ya sa na tsaya a wurinsa shi ne tambayar da ya fara yi mini. Sauran shagunan biyu da na leƙa, kafin in rufe baki sun ce kayansu zai shayar da eka biyar. Shi kuwa cewa ya yi, "Malam, ruwan rijiyarka gaba nawa yake daga sama a watan huɗu?" Ya bayyana mini cewa famfon da ke zaune a bakin rijiya yana zuƙo ruwa, ko na fetur ne ko na rana, ba ya iya jawo ruwan da ya wuce zurfin mita bakwai zuwa takwas. In ya fi haka, sai dai wanda ake zurawa cikin rijiyar. Namu bai kai nan ba, don haka na ɗauki na sama: mai bakin inci biyu, ƙarfin doki biyu, wato wat 1,500, da farantai shida, da ƙaramin akwatin da ke daidaita wuta wanda suke kira kwantirola. Babu batir. Ya ce batir shi ne ke ninka kuɗi kuma shi ke fara mutuwa. A kan wannan na gode masa har yau.

Ranar da yaron shagon ya zo haɗawa, mutanen da suka taru sun fi na wurin rabon taki. Ya kafa farantan suna duban kudu da ɗan karkace, domin a watannin rani rana ta kudu take ratsawa. Ya cika tiyo da ruwa, ya murɗa makunni. Shiru. Wani ya riga ya fara dariya, sai ga ruwa ya yi tsalle daga bakin tiyo ya zuba cikin fangali. Yara suka yi ihu. Manya kuwa babu wanda ya ce uffan, kowa na neman inda ƙarar take. Ɗan gurnani ne kawai, wanda in ka yi taku goma ba ka jin sa.

A nan ne Baba ya faɗi maganar da na daɗe ina juyawa. Ya ce, "Wanga abu da ba shi tari, ba shi kuka, ƙaƙa za ka san ciwonai?"

Da farko na ɗauka ƙin sabon abu ne irin na tsofaffi. Daga baya na gane ba haka ba ne ko kaɗan. Baba da jigo ya fara ban ruwa, yana saurayi, guga ɗaya bayan ɗaya tun asuba har kafaɗa ta mutu. Da shirin Fadama ya zo a farkon shekarun 1990 da rijiyoyin burtsatse da ƙananan injina, yana cikin na farko da suka karɓa a yankinmu, kuma shi ma an ce masa zai ƙone ƙasa da hayaƙi. Mutumin da ya yi wannan ba matsoracin sabon abu ba ne. Shekara talatin ya yi yana sauraron inji. Yana kwance ƙarƙashin rumfa, ido a rufe, zai ce maka fulogi ya yi datti, ko tiyo ya sha iska, ko mai ya kusa ƙarewa, duk daga sautin. Yana iya faɗa maka injin wa ke aiki a can tsallaken gulbi. Ni kuma na kawo masa abin da ya mayar da wannan ilimin duka banza cikin yini ɗaya, ban ko shawarce shi yadda ya kamata ba. Wannan ya dame ni, kuma ya kamata duk matashin da zai kai irin wannan kaya gonar gado ya yi tunaninsa tun kafin ya biya kuɗi.

Kawuna nasa ƙorafin daban ne. Shi ya ce ba a ban ruwa da tsakar rana, ruwan zai dafa shuka. Mu dama da asuba ko da la'asar sakaliya muke kunna inji, wasu ma da dare, kuma famfon sola ba shi da wani lokaci sai tsakar ranar. Na sa ido a kan wannan sosai, don ni ma ta ɗan shige ni. Ruwan rijiya da sanyinsa yake fitowa, shinkafa kuma cikin ruwa take tsaye ko yaya, ban ga ganye ɗaya da ya ƙone ba a duk ranin biyu. Inda Kawu ya yi gaskiya shi ne ruwan da ke tafiya a doguwar hanya a buɗe, rana da ƙasa suna shan rabonsu. Sai da na ƙara tiyo mai naɗewa har tsakiyar gona.

Akwai kuma waɗanda ba su ce komai a gabana ba. Bakaniken da ya shekara goma yana gyara mana inji, mutumin kirki wanda ya sha yi mini aiki bashi har kaka, ya zo ya tsuguna gaban kwantirola ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Malam, in wannan ya lalace me ake kwancewa?" Na ce ban ga abin kwancewa ba. Ya girgiza kai ya ce, "To mu kuma fa?" Ban sami amsar da zan ba shi ba a ranar. Mutum ne mai 'ya'ya bakwai, da sifana da ringi da kafireto yake ciyar da su. In aka ce mutane na ƙin ci gaba, a riƙa duba wane ne abincinsa ke cikin abin da za a ture.

Yanzu ga aikin famfon kansa. Ranar da sama ta yi tas, yakan fara tsiyayar da ruwa wajen ƙarfe takwas da rabi na safe, ya cika baki daga goma zuwa uku, ya riƙa ja da baya har wajen biyar. Ƙarfinsa bai kai na injin inci uku ba, kada wani ya ruɗe ka. Abin da inji ke yi cikin awa huɗu, shi sai ya yini. Bambancin shi ne yinin nan kyauta ne, kuma gobe ma haka. Sai na raba gonar gida uku, kullum ana bin kashi ɗaya, kuma shinkafar ba ta taɓa yin ƙishin da take yi a da ba lokacin da nake jiran albashi kafin in sayi mai. Wannan shi ne babban alherinsa a wurina, ya ma fi ragin kuɗin. Shinkafa in ta ɗauki ciki ta rasa ruwa kwana uku, ka yi asarar da taki ba ya mayarwa. Rani biyun nan ban kwana da wannan fargabar ba.

Hunturu ne abokin gabarsa. Ranar da hazo ya rufe a watan ɗaya, har ka iya kallon rana da ido kamar faifai, ruwan kan ragu ya koma kusan rabi. Ƙura kuma tana kwanciya a gilashin cikin kwana biyu, in ba ka goge ba kai ka rage wa kanka ruwa. Da sassafe ake gogewa, da tsumma mai laushi da ruwa, kafin gilashin ya yi zafi. Inuwa ma haka: farantan uku-uku aka haɗa su, in inuwar reshe ta faɗa kan ɗaya, 'yan uwansa biyu ma sai su yi sanyi. Na rasa reshen giginya ƙarama da na darbejiya saboda wannan. Kuma a gaya wa yara ba wurin cajin waya ba ne. Wutar da ke bin wayoyin nan ta haura bolt 100, na taɓa kama wani yaro yana ƙoƙarin tsire waya da ƙusa, jikina ya daɗe yana rawa.

A mako na bakwai bayan dashe kwantirola ta mutu. Tsakar rana, shinkafa na gab da fitar da kai, ruwa ya tsaya cak. Yaron da ya haɗa kayan a ƙasa ya bar akwatin, cikin rana, bai ce mini a yi masa inuwa ko a ɗaga shi ba, zafin watan uku na Kebbi kuwa kowa ya san shi. Na kira Alhajin. Bai yi mini gardama ba, ya ce yana cikin garanti, amma ba shi da wata a shago, sai an aiko daga Kano. Kwana tara na jira. Kwana tara! Da na sayar da tsohon injina kamar yadda na yi niyya, da ranin nan ya tafi. Baba ne ya hana ni sayarwa tun farko, ya ce ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari. Shi da bakaniken nan suka tayar da injin cikin awa ɗaya, na koma layin ɗan bumburutu da jarka.

Abin da ya fi ba ni haushi a kwanakin nan ba kuɗin man ba ne. Labarin ne ya zagaya fadama kafin magariba: na Malam ya mutu. Mutum uku da suka riga suka fara tara kuɗi suka fasa. Ban ga laifinsu ba. Manomi ba da kuɗin wasa yake gwaji ba, da abincin shekara yake yi. Laifin na masu sayarwa ne da suke kawo kaya ba tare da kayan gyara a kusa ba, ba kuma tare da koya wa ko mutum ɗaya a gari yadda ake duba su ba. Injin fetur ya ci fadama ne saboda a kowace kasuwar ƙauye akwai fulogi, akwai mai gyara. Duk ranar da kwantirola ta zama abin da za ka saya a kasuwar Argungu ka dawo gona kafin azahar, ranar ce sola za ta zauna da gindinta. Sabuwar da aka kawo na yi mata 'yar rumfa da zana, na ɗaure ta a jikin turke sama da ƙasa, har yau lafiya lau.

Wahala ta biyu da ba ta da magani har yanzu ita ce dako. Ba ka isa ka bar farantai a fadama su kwana ba. Kowanne ya kusa tsawon mutum, ga nauyi, ga gilashi. Watan farko kullum ƙanena ke ɗora su a amalanke da buhunan dusa a tsakani, safe da yamma, har gefen ɗaya ya tsage a wani rami. Daga baya muka haɗa kuɗi mu huɗu masu maƙwabtaka muka ɗauki mai gadi. Duk wanda zai yi lissafin ribar sola, ya sa kuɗin gadi ko na dako a ciki, masu shago ba sa faɗin wannan.

Rani na biyu sai iska ta juya. Kafin ƙarshen 2024 lita ta haura naira 1,000, masu dariya suka zama masu tambaya. Kawu da kansa ya aiko ɗansa ya auna mini tsawon farantai. Gwamnatin jiha ma ta raba irin waɗannan famfunan ga manoma, sai ga gilashi na walƙiya nan da can cikin fadama. Na yi murna, amma wani abu ya fara damuna. Mutanen da a bara suka ce ba ya aiki ba tare da sun gwada ba, su ne bana ke cewa ba shi da aibu ko ɗaya, nan ma ba tare da sun gwada ba. Wani ya sayi farantai masu arha a hannun ɗan talla, an rubuta babbar lambar wat a bayansu, ruwan da suke ba shi ko albasa ba zai ƙosar ba. Wani ya sayar da injinsa da jarkokinsa duka a mako guda. Na roƙe shi kada ya yi, ya ce ai ni ne na fara.

Sai kuma maganar ruwan kansa, wadda ita ce ta fi tsaya mini a rai. A watan huɗu maƙwabcina na gabas, dattijo mai injin fetur, ya zo ya yi sallama ya ce, "Malam, tun da kuka kawo abin nan rijiyata ke shan iska da rana." Na so in musa, sai na tuna rijiyoyinmu taku kaɗan ne tsakani, kuma ruwa ɗaya muke sha a ƙarƙashi. Da can tsadar mai ita ke sa mutum ya kashe inji da zarar gona ta ƙoshi. Yanzu babu abin da ke sa ka kashe. Na ga gonakin da ruwa ke malala ta kan kunya yana bin hanya, mai gonar yana gida yana barci, don ba kuɗinsa ke zuba ba. Muka yi sulhu da dattijon: ranar ban ruwansa nakan rufe nawa daga sha biyu. Amma mu biyu ne kawai. Idan fadama duka ta koma sola, wannan magana sai ta kai gaban sarkin noma da hakimi, kuma gara a fara ta tun rijiyoyi ba su fara kafewa ba.

Ga wanda ya tambaye ni ko ya saya, abin da nake cewa ke nan. In gonarka ba ta wuce eka biyu ba, ruwanka na kusa, kuma akwai mai zama a gona da rana, saya, kuɗinka zai dawo. Nawa ya dawo kafin in gama rani na biyu, in aka kwatanta da man da zan ƙona. In gonar ta fi haka, famfo ɗaya irin nawa ba zai riƙe ta a watan huɗu ba, ko nawa da kyar yake kaiwa. Ka auna zurfin ruwanka a ƙarshen rani, ba a farkonsa ba. Ka sa a gwada maka kowane faranti da mitar awon wuta a cikin rana kafin ka biya. Ka tambayi mai shago a ina kwantirola take in ta mutu, ya nuna maka ita da hannu, kuma garanti ya zama a rubuce. Shagon da na saya zan sake komawa, don gaskiyar da ya faɗa mini tun farko da kuma cika alkawarin da ya yi, amma na gaya masa a gabansa cewa kwana tara ya yi yawa, kuma yaransa su riƙa yi wa mutane bayani kafin su karɓi kuɗin aiki su hau babur. Tsohon injinka kuma ka bar shi a ɗaki, ka riƙa tayar da shi lokaci-lokaci.

Bakaniken nan yanzu ya sayi mita, yana bin yaron shagon duk inda za a haɗa sabo, kuma shi ya canza mini robar da ke hana famfon yoyo da yashi ya cinye. Baba kuwa shi ke goge farantai da asuba, ba ya yarda kowa ya taɓa, ya ce mu ba mu iya ba. Ranar nan na tarar da shi tsugune ya ɗora tafin hannu a kan tiyo, ido a rufe. Na ce, "Baba, lafiya?" Ya ce in je in duba bakin rijiya, abin ya fara shan iska. Na je na tarar da maɗaurin tiyo ya saki, na ɗaure shi da roba, ruwa ya dawo.